Daga Agege zuwa Akoka: Yadda Ake Neman Gurbi a Jami'ar Legas da Yadda Ake Zama a Cikinta

Jami'ar Legas, wadda kowa ya fi sani da UNILAG, tana Akoka a gefen Yaba, a bakin ruwan da gadar Third Mainland ta ratsa. Gwamnatin tarayya ce ta kafa ta a 1962. Kwalejinta ta likitanci da asibitin koyarwa na LUTH suna Idi-Araba, maƙwabtaka da ɗaya daga cikin manyan unguwannin Hausawa na garin nan. Kakanninmu sun zauna a Agege tun zamanin fataucin goro, iyayenmu sun cika Mile 12 da Obalende da Ijora, amma idan ka shiga ajujuwan Akoka ka nemi 'ya'yanmu, sai ka sha dube kafin ka ga ɗaya.

A majalisa za ka ji ana cewa ai ba sa ɗaukar Bahaushe, ko kuma sai mai hanya. Ni ban yarda da wannan ba, kuma ina ganin maganar ta hana yara masu ƙwaƙwalwa ko gwadawa. Gurbin Akoka lissafin maki ne, kuma lissafin yana farawa tun yaro yana aji huɗu na sakandare, shekara biyu ko uku kafin ya sayi fom ɗin JAMB, hukumar da ke shirya jarrabawar shiga jami'a. Yaranmu suna faɗuwa ne saboda labarin yana iso musu a makare. Don haka ƙanena, ƙanwata, da ku iyaye masu biyan kuɗin, ga yadda hanyar take.

Fara da sunanka

Kafin a yi maganar karatu, ɗauko takardunka ka shimfiɗa su a tabarma: takardar haihuwa, takardar NIN, takardar kammala firamare, da sunan da makarantarku ta shigar maka a rajistar WAEC ko NECO. Karanta su harafi-harafi.

Wannan matsala ta fi damun ɗan Bahaushen da ya tashi a Legas. Malamin firamare Bayarabe ya ji Sulaiman ya rubuta Sulaimon, ya ji A'isha ya rubuta Aishat, ya ji Hauwa ya rubuta Hawau. Mahaifi ya je yi wa yaro NIN ya ba da Muhammad, makaranta ta rubuta Mohammed. A wata takardar sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wata sunan kaka, a wata kuma sunan garinsu. Ranar haihuwa a nan 1 ga Janairu ce saboda an cika ta da ka, a can kuma ranar gaskiya ce. Mu a gida duk mutum ɗaya ne. Kwamfuta kuwa mutum uku take gani.

Tun 2021 JAMB ta wajabta NIN, kuma daga can take kwaso sunanka da ranar haihuwarka kai tsaye, ba abin da ka faɗa wa mai cika fom ba. Saboda haka duk gyaran da za a yi, a ofishin hukumar NIMC mai ba da NIN za a yi shi, kuma yana cin lokaci da kuɗi. A yi shi yaro yana aji biyar, a tabbatar sunan da za a kai WAEC shi ne na NIN, da tsarinsa da rubutunsa. Wanda ya bari sai watan rajista, zai tarar da layi ya kai titi.

A wannan lokacin ne kuma ya kamata a aika gida a karɓo takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda muke ce wa indijin. Za ka ga amfaninta a gaba. Game da shekaru, ƙa'idar ita ce sai ɗan 16 ake bai wa gurbi, kuma Akoka ba ta wasa da wannan.

Sakamakon sakandare: zama ɗaya

Jami'o'i da yawa suna yarda ka haɗa sakamako biyu, ka ɗauko Lissafi daga NECO ka ɗauko Turanci daga WAEC. UNILAG tana neman kiredit biyar a zama ɗaya, ciki har da Turanci da Lissafi, sauran ukun kuma su zama na kwas ɗin da kake nema. Mai kiredit takwas da aka tattaro daga jarrabawa biyu bai cika sharaɗi ba. Idan ka rubuta WAEC da NECO duka, ka zaɓi guda wadda ta cika biyar ɗin kuma ta fi kyau.

Ba kiredit kawai ake dubawa ba, har da nauyinsa. Ana bai wa A1 maki 4, B2 maki 3.6, B3 maki 3.2, C4 maki 2.8, C5 maki 2.4, C6 kuma maki 2. Darussa biyar, jimla 20 ga wanda ya share su duka da A1, 10 ga wanda ya tsallake da C6. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Zaɓin darussa ma a aji huɗu ake yin sa. Mai son likitanci ko harhaɗa magunguna yana buƙatar Bayoloji da Kimistiri da Fiziks. Mai son lauya ba shi da makawa sai da Adabin Turanci, kuma na ga yara masu baki da hujja, waɗanda kowa ke cewa wannan lauya ne, sun rasa saboda makarantarsu ba ta da malamin adabi kuma ba wanda ya damu. Mai son injiniya ya nemi makarantar da ake koyar da Further Maths, domin akwai sassan Akoka da ke neman sa. JAMB tana da kundin da ya jera sharaɗin kowane kwas a kowace jami'a, kyauta ne a shafinta. Karanta layin da ya shafi Legas musamman, domin sau da yawa tana da ƙarin sharaɗi nata na kanta.

Rajistar JAMB

Ana buɗe rajista ne a farkon shekara, a yi jarrabawa wajen Afrilu zuwa Mayu. Matakin farko shi ne ka tura saƙon tes mai ɗauke da kalmar NIN da lambobinka goma sha ɗaya zuwa 55019 ko 66019, a turo maka lambar da za ka sayi fom da ita.

Layin wayar da ka tura saƙon da shi ya zama naka, ko na mahaifiyarka da ba ta canza layi. Kada ka ari na yaron shago, kada ka yi da na mai shagon intanet. Ta wannan layin za ka duba sakamako, ta nan saƙonnin JAMB za su riƙa zuwa, kuma idan ya ɓace ka shiga wahalar da ba ta da dalili. Haka ma imel: buɗe naka, rubuta kalmar sirrin a bangon littafin da ba ya barin gida. Rajistar kanta a cibiyar da JAMB ta amince da ita kaɗai ake yi, kuma da kanka za ka je domin za a ɗauki hotonka da zanen yatsunka goma.

'Yan mata, ga taku ta musamman. JAMB ta sha gargaɗi cewa lalle a kan yatsu yana hana na'ura karanta zanen yatsa. Idan akwai biki ko Sallah kusa da ranar rajista ko ranar jarrabawa, a haƙura da ƙunshi a tafin hannu da kan yatsu. Wadda na'ura ta ƙi karanta yatsanta a ƙofar ɗakin jarrabawa ba za a bar ta ta shiga ba, ko da ta haddace littattafan duka.

Wajen zaɓin makaranta, UNILAG sai ka sa ta a zaɓi na farko, ba ta duba wanda ya sa ta a na biyu. Kafin mai cika fom ya danna aikawa, sa shi ya juyo maka da fuskar kwamfutar ka karanta komai da idonka: kwas, darussa huɗu, jihar asali. Yana sauri ne saboda akwai mutane a bayanka. Kai ba ka sauri.

Jarrabawar da yadda ake lissafin

Darussa huɗu ne, Turanci dole, da uku na kwas ɗinka. Tambayoyi 180, sittin na Turanci, arba'in-arba'in na sauran, a cikin awa biyu, jimlar maki 400. Wato kowace tambaya tana da daƙiƙa arba'in. A kwamfuta ake yi, kuma ba sai ka iya sarrafa linzamin kwamfuta, wato mouse, ba: A, B, C, D na zaɓar amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa. Duk da haka yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba yakan ɓata minti goma na farko yana rawar hannu. Ka biya kuɗin jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa, ka kuma samu manhajar tsofaffin tambayoyi ka riƙa yi da agogo a gabanka. Akwai ɗan littafin labari da ake sanyawa kowace shekara a ɓangaren Turanci. Karanta shi da kanka har sau biyu, maki ne na arha.

UNILAG ba ta sauraron wanda bai kai 200 ba. A 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka rubuta, fiye da kashi biyu bisa uku ba su kai wannan makin ba. Amma 200 ɗin izinin shiga layi ne kawai.

Ga ainihin lissafin. Ana tara maki ɗari daga wuri uku: 50 daga JAMB, 30 daga jarrabawar tantancewa ta jami'ar, wato Post-UTME, 20 daga sakamakon sakandare. Makin JAMB ana raba shi gida takwas. Mai 280 yana da 35, mai 320 yana da 40.

Ɗauki yara biyu. Na farko ya ci 300 a JAMB, unguwa ta ɗauka, ana ta yi wa mahaifinsa barka a masallaci. Makinsa 37.5. Sakamakonsa na WAEC C6 ne a duka biyar ɗin, maki 10. Ya je tantancewa da sanyin jiki ya samo 18. Jimla 65.5. Ta biyu ta ci 260, ba wanda ya yi maganarta. Makinta 32.5. Tana da A1 biyu da B2 uku, maki 18.8. Ta zauna ta yi shiri ta samo 24 a tantancewa. Jimla 75.3. Ta wuce shi da kusan maki goma, alhali ya fi ta da arba'in a JAMB.

Abin da wannan ke nuna maka: maki ɗaya a Post-UTME daidai yake da takwas a JAMB, kuma tazarar A1 da C6 a darasi ɗaya daidai take da goma sha shida a JAMB. Wanda ya ɗauki WAEC a matsayin a dai samu kiredit, ya zubar da makin da ba zai iya maido shi ba.

Kowace shekara jami'ar tana fitar da makin da ta yanke wa kowane kwas. Likitanci yakan haura 80. Lauya, aikin jinya, harhaɗa magunguna, ilimin kwamfuta da manyan sassan injiniya sukan zauna a cikin saba'in da wani abu. Wasu kwasa-kwasan tsangayar ilimi da na harsuna sukan sauko zuwa hamsin da 'yan kai. Nemo jerin bara da na bara waccan, ka lissafa naka, ka faɗa wa kanka gaskiya. Idan ka ga tazarar ta yi yawa, akwai damar canza kwas a JAMB da ɗan kuɗi kaɗan, kuma gara a yi shi da wuri kafin a rufe rajistar tantancewa.

Jihar asali: inda ɗan Agege yake tsaye

Tsarin jami'o'in tarayya ya kasa gurabe gida uku. Kashi 45 na cancanta ne zalla, ko daga ina kake. Kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar ne, kuma ga UNILAG su ne Legas, Ogun, Oyo, Osun, Ondo da Ekiti. Kashi 20 na jihohi 23 ne da aka ayyana a matsayin waɗanda aka bari a baya a ilimin boko, kuma duk jihohin Arewa maso Yamma da na Arewa maso Gabas suna ciki, tare da Neja, Nasarawa, Filato, Kogi, Kwara da Binuwai.

Abin da ake dubawa jihar asali ce, ba inda aka haife ka ba. Yaron da aka yanke wa cibiya a Agege, yake jin Yarabanci kamar Hausa, bai taɓa kwana wata guda a Katsina ba, idan takardarsa ta ce Katsina, ba ya cikin kason jihohin kewaye. Na san wannan yana yi wa mutane ciwo, kuma ina ganin akwai abin dubawa a cikinsa. Amma ba dalili ba ne na sayen takardar asali ta bogi. Ana duba ta lokacin tantance takardu, kuma wanda aka kama yakan rasa gurbin ko da ya yi nisa a karatu. Idan gidanku na da takardar wata ƙaramar hukumar Legas da aka samu ta halal, to madalla, ku 'yan yankin ne. Idan babu, rubuta jiharka ta gaskiya, kason kashi 20 ɗin naka ne, kuma masu nemansa a Akoka ba su kai masu rububin sauran ba. Sai dai wannan kason bai ɗauke maka sharaɗin 200 ko na zama ɗaya ba. Shawarata ita ce ka yi shiri kamar babu wani kaso sai na cancanta.

Post-UTME

Bayan fitowar sakamakon JAMB jami'ar takan sanar da buɗe rajistar tantancewa a shafinta. Kuɗin naira dubu biyu ne, wa'adin kuma gajere. Wanda bai yi wannan rajista ba ya fita daga lissafi ko nawa ya ci. A daidai wannan lokaci ka koma cibiyar JAMB a ɗora maka sakamakon sakandarenka a shafinta, musamman idan lokacin da ka yi rajista bai fito ba. Mutane da yawa suna mantawa da wannan, su yi ta jiran sunan da ba zai fito ba.

Tambayoyin sun shafi Turanci, Lissafi da sanin al'amuran yau da kullum, kuma lokacin kaɗan ne. Ɗan ajin adabi da ya yi sallama da Lissafi tun bayan WAEC ya koma ya gaishe shi. Ana so ka samu aƙalla 12 cikin 30, wanda ya gaza haka ba a duba sauran makinsa.

A shekarun nan ta intanet ake rubuta ta, daga inda kake, kyamarar kwamfuta tana kallonka, makirfo yana saurare. Ga mai zaune a gidan haya mai ɗaki-ɗaki wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙanwarka ta ɗaga labule ta leƙo, maƙwabciya ta kwaɗa sallama, wani ya gifta ta bayanka da buta, duk na'ura na iya ɗaukar su a matsayin satar amsa. Tun da mako guda ka nemi wuri. Ofishin Islamiyyar unguwa da hantsi, lokacin da yara suna boko, ya fi ɗakinku. Ari kwamfutar tafi-da-gidanka mai kyamara, ka cika ta da caji, ka tanadi layin data biyu na kamfani daban-daban, ka zauna bango a bayanka haske a fuskarka, ka rufe ƙofa, ka sa wani babba ya zauna a waje yana tare mutane. Idan an ba da damar gwaji kafin ranar, yi shi a wannan ɗakin da wannan kwamfutar.

CAPS, da masu cewa suna da hanya

Tun 2017 duk gurbin jami'a a Najeriya ta shafin JAMB mai suna CAPS yake bi. Jami'a ta miƙa sunanka, JAMB ta amince, kai kuma ka shiga ka danna karɓa. Idan ba ka danna ba, ba ka samu ba, kuma ba a jiran mutum har abada. Riƙa dubawa duk bayan kwana biyu daga lokacin da aka fara fitar da sunaye. Wani lokaci za a yi maka tayin wani kwas ba wanda ka nema ba. Kada ka ƙi da fushi, kada kuma ka karɓa da rawar jiki. Nemi wanda ya karanta kwas ɗin ka tambaye shi abin da ake yi da shi. Kada ka shiga da niyyar ai zan canza daga baya, domin komawa likitanci ko lauya daga wani sashe abu ne mai wuyar gaske.

Alhaji, wannan taka ce. Da zarar an ji ɗanka yana neman Akoka, wani zai zo shago ya ce yana da mutum a ciki, a kawo dubu kaza. Wani ma da Hausa zai yi maka magana, ya haɗa da rantsuwa. Duk gurbin da bai bayyana a CAPS ba, ba gurbi ba ne, kuma mai shi ba zai shiga jerin masu zuwa hidimar ƙasa ba. Idan ma sunan yaron ya fito bayan ka biya, makinsa ne ya fito da shi. Kuɗin makaranta kuma ta shafin jami'a ake ciro takardar biya, ba a tura shi asusun wani mutum.

Bayan karɓa sai ka buga takardar gurbi ta JAMB, ka je tantance takardu da na asali da kwafinsu, da hotuna, da indijin, sannan gwajin lafiya a asibitin makaranta. Sayi jakar roba guda ka zuba komai, ka ɗauki hoton kowace takarda ka aje a imel.

Kuɗi

A 2023 jami'ar ta ƙara kuɗaɗenta sosai, ɗalibai suka yi zanga-zanga, aka ɗan rage, amma sabon ɗalibi ya koma biyan sama da naira dubu ɗari, masu ɗakin gwaje-gwaje da likitanci kuma fiye da sauran. Wannan ban da masauki, abinci, mota da littattafai, waɗanda a Legas su ne suka fi cin kuɗi.

Tun 2024 akwai asusun lamunin ɗalibai na gwamnatin tarayya, NELFUND. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana kuma bai wa wanda ya nema naira dubu ashirin a wata. Babu kuɗin ruwa a kansa, abin da ya sa iyaye da yawa da ke gudun riba suka samu natsuwa, kuma ana fara biya ne shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Bashi ne dai, a ci shi da niyyar biya. Ana nema da lambar JAMB, NIN, BVN da lambar ɗalibta. Ka kuma bincika hukumar tallafin karatu ta jiharku, nan ma indijin ɗin nan ce za ta yi maka aiki.

Wurin kwana da zirga-zirga

Gadajen makaranta ba su kai yawan ɗalibai ba, ko kusa. Ta intanet ake rabawa, a buɗe shafi a wata sa'a da aka sanar, cikin ɗan lokaci a ce sun ƙare. Sai wanda ya gama biyan kuɗi da rajistar darussa ake bari ya nema, don haka jinkirin biya yana jawo rashin gado. 'Yan aji ɗaya da 'yan ajin ƙarshe aka fi bai wa fifiko. Maza suna da gidaje irin su Jaja, Mariere, Biobaku, Eni Njoku da Sodeinde. Mata suna da Moremi, Madam Tinubu, Fagunwa, Kofo Ademola, da biyu masu sunayen da kunnenmu ya sani, Sarauniya Amina da Makaman Bida. Hajiya, idan hankalinki bai kwanta da kwanan 'yarki a makaranta ba, ki je da kanki ki ga gidan, ki ga masu gadin ƙofa da dokar baƙi. Ni a ganina ya fi mata aminci a kan ta riƙa fitowa daga Agege da duhun asuba tana dawowa bayan isha'i.

Wanda bai samu gado ba yana da zaɓi biyu. Ko haya a Abule-Oja, Onike, Iwaya, Bariga ko cikin Akoka, inda ɗaki yake da tsada kuma dillali da lauya kowa na da nasa kason, sai a haɗu mutum biyu ko uku. Ko kuma zuwa daga gida. Ɗan Idi-Araba wannan bai dame shi ba. Ɗan Agege yanzu yana da jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024, ya hau a Agege ya sauka a Yaba, da katin Cowry ake biya, daga Yaba kuma akwai motocin da ke shiga har cikin makaranta. Ɗan Mile 12 zai biyo titin Ikorodu ya sauka Fadeyi ko Jibowu. Kada ka sa acaba a lissafinka, an hana shi a wannan yankin tun 2022. Laccar ƙarfe takwas tana nufin ka bar gida da an sallame sallar asuba, musamman da damina.

Shekarar farko

Akwai babban masallaci a cikin makaranta, ana Juma'a, kuma a nan za ka fara samun mutanenka. Mafi yawan masu sallar Yarabawa ne. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN a garin nan aka kafa ta a 1954, kuma reshenta na Akoka yakan shirya wa sababbin ɗalibai darussan bita. Shiga cikinsu. Kada ka takura kanka a cikin 'yan Arewa huɗu ko biyar da za ka tarar, kuna zama tare kuna tashi tare. Ka riƙe su, amma rukunin karatunka ya zama na waɗanda suka fi ka iya darasin, ko daga ina suke. Ɗan Legas yana da Yarabanci da buroka a bakinsa, wannan jari ne. Wanda ya zo daga gida ya koyi gaisuwa tun makon farko. Idan an yi dariyar yadda kake furta wata kalmar Turanci, kada ta sa ka daina ɗaga hannu a aji.

Ana auna sakamako a kan maki biyar. Daga 4.50 daraja ta ɗaya ce, daga 3.50 ta biyu babba, daga 2.40 ta biyu ƙarama. A kowane darasi, sakamakon A yana farawa daga maki 70 cikin 100. Makin taruwa yake daga zangon farko har na ƙarshe, shi ya sa wanda ya yi wasa da aji ɗaya yakan shekara uku yana biyan bashi. Ajujuwan shekarar farko cike suke, wanda ya makara a tsaye zai ji lacca daga bakin taga. Ka san malamin da aka naɗa mai ba ajinku shawara, ka yi rajistar darussa kafin a rufe, ka buga takardar ka aje. Masu likitanci suna yin shekarar farko a Akoka, sai wanda ya ci duka darussansa yake ƙetarawa Idi-Araba.

Iyaye, yaron da ya shiga Akoka ba zai iya ci gaba da tsaron shago kamar da ba. A sake shi ranakun karatu, ya taimaka ranar Asabar ko lokacin hutu. Buhun shinkafa ƙarami, wake, garin rogo, manja da yaji daga gida sun fi masa kuɗin da za a ba shi a hannu.

Idan bana ba ta yi ba

Duba inda makin ya zube. Idan WAEC ce, sake ta a jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, ka nemi biyar ɗin a zama ɗaya da nauyi mai kyau. Idan JAMB ce, sakamakonta na shekara ɗaya ne, sai ka sake. Jami'ar tana da shirin share fage na kusan shekara guda da ake rubuta jarrabawar JUPEB a ƙarshensa, wanda ya ci da kyau ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Yana da tsada, kuma biyan kuɗin ba ya tabbatar da gurbi. Tana kuma da cibiyar karatu daga nesa, DLI, wadda ta dace da wanda ke kasuwa ko aiki. Kwalejin fasaha ta Yaba, Yabatech, tana nan kusa, mai difloma da sakamako mai kyau yana iya dawowa Akoka ta hanyar shiga kai tsaye. Ga na Ojo da Okokomaiko kuma jami'ar jihar Legas, LASU, tana bakin ƙofarsu, kuma JAMB tana ba da damar sauya makaranta a cikin shekarar idan har ba su rufe karɓa ba.